A buɗe kogo kowa ya shiga ya gani, ko a garƙame shi don kar ya lalace?

Sadik: Salamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya tsaya min a rai ina so a tattauna. Kogon nan na Son Doong da ke ƙasar Biyetnam, wanda ake cewa babu kogon da ya kai shi girman ciki a duniya, rufinsa a wasu wurare ya kai mita 200 a sama, kogi na gudu a ciki, akwai daji sukutum a inda rufin ya rufta rana take shiga, har hazo yake haɗawa na kansa. To amma mutum 1000 kacal ake bari su shiga a shekara, kuɗin kuma wajen dala 3000 ne, kamfani ɗaya tak ke da izinin kai mutane. Ni tambayata, wannan kare muhalli ne ko kuwa an ware halittar Allah ne an ce sai mai hannu da shuni zai gani? Dutse ne fa, kallo kawai za a yi, ido ai ba ya cin dutse.

Malam Habu: Wa alaikumus salam Sadik. Ido ba ya cin dutse, gaskiya ne, amma ai ba ido kaɗai kake shiga da shi ba, kana shiga da numfashinka da zafin jikinka da zufa da ƙurar takalminka. Ka duba kogon Lasko na Faransa. Samari huɗu ne suka gano shi a 1940, bangonsa cike da zanen dawakai da bijimai da barewa waɗanda mutanen da can suka zana tun kimanin shekara 17,000. Aka buɗe wa jama'a a 1948, mutane suka yi ta tururuwa har ya kai wajen mutum 1200 a rana. Cikin shekara 15 kacal gansakuka ta fara cin bango, wani farin ɓawo ya fara rufe zanen, dole gwamnati ta rufe shi a 1963. Babu wanda ya shiga da guduma, numfashi ne da fitilu kawai. Abin da ya zauna lafiya tsawon wannan zamani saboda a toshe yake, iskarsa da danshinsa da sanyinsa ba sa canzawa, mu ne muka birkita shi.

Sadik: To Malam ai wancan zane ne, launi ne a bango dole ya ji jiki. Son Doong fa ba zane a ciki.

Malam Habu: Ko ba zane ƙanena. Duwatsun nan masu tsini da kake gani suna saukowa daga rufi da waɗanda ke tasowa daga ƙasa, ɗigon ruwa ne ke gina su, ruwa ya narko dutsen farar ƙasa daga sama ya ɗiga ya bar ɗan abin da bai kai ƙwayar ƙura ba, haka haka har a samu kamar santimita 10 a shekara 1000. Wani ya ɓalle ɗaya ya sa a aljihu wai tsaraba, ya tafi da aikin da ya girmi kakannin kakanninsa. Ko taɓawa ma, maiƙon hannun mutum yana zama a kai ya hana ruwan kamawa, wurin ya yi baƙi ya daina girma. Sannan fitilun lantarki da ake sawa don masu kallo, duk inda haske ya daɗe a wuri mai laima sai kore ya fito, shi ya sa yanzu wurare da yawa fitila sai an zo wucewa take kamawa, ana wucewa ta mutu.

Ummi: Wallahi Malam ka tuna min da abin da ya faru a kogon Kalsbad na Amurka a 2024, wani ya yar da ledar abin taunawa a ciki, ledar guda ɗaya fa, danshin wurin ya jiƙa abin da ke ciki funfuna ta tashi, ƙwari suka taru suna ci suna yaɗa ta, sai da ma'aikata suka zo suka bi wurin suna kankarewa. Kuma a can har masu aikin sa kai ake tarawa suna tsince zaren tufafi da gashi da ke zuba daga jikin masu ziyara. Ni abin ya ban tsoro gaskiya, ashe wucewa kawai ma ɓarna ce.

Hajiya Rabi: Ni kam ina tare da Sadik ta wani ɓangaren amma ba don dalilinsa ba. Ku duk maganar dutse kuke, ba wanda ya yi maganar mutanen da ke zaune a bakin wurin. Duk sanda aka ce za a kare daji ko kogo, wa ake fara kora? Talakan da ya gaji wurin. Ku je ku karanta labarin 'yan ƙabilar Batwa a Yuganda, a 1991 aka fitar da su daga dazukan Bwindi da Mgahinga don a kare goggon biri, mutanen da ba su san wata rayuwa ba sai ta daji, akasarinsu ba a ba su ko taƙin ƙasa ba. Akwai kogon Garama a can wanda nasu ne tun kaka da kakanni, nan suke fakewa nan suke taruwa, yau sai dai su shiga a matsayin 'yan rakiyar baƙi su yi musu waƙa a ciki a biya su. Wannan shi ne abin da ke ci min rai, baƙo ya zo daga wata nahiya da tikiti ya shiga, mai wuri ya koma ɗan kallo.

Injiniya Bashir: Hajiya maganarki dutse ce, ban musa ko ɗaya ba. Amma ina so a kalli ɗaya gefen, in ba a shigo da yawon buɗe ido ba me ke zuwa a madadinsa? Ba zaman lafiya ke zuwa ba fa, katafila ce ke zuwa. Yawancin manyan kogwanni a cikin dutsen farar ƙasa suke, shi ne kuma dutsen da ake yin siminti da shi, wasu kuma suna kan ma'adinai. A watan Mayun 2020 kamfanin Rio Tinto ya sa nakiya ya tarwatsa kogwannin Jukan a yammacin Ostireliya don faɗaɗa haƙar tama, wurin da aka samu shaidar mutane sun zauna tun shekara 46,000, kuma da izinin hukuma suka yi, masu wurin suna roƙo ba a saurare su ba. Daga baya shugaban kamfanin ya sauka, aka yi ta ba da haƙuri, to haƙuri zai mayar da dutsen? Ni abin da na fahimta, wurin da ba ya kawo ko sisi kuma duniya ba ta san shi ba, shi ya fi saurin tafiya, don ranar da aka zo fasa shi ba mai tsaya masa.

Hajiya Rabi: Toh Injiniya ai misalinka ni ya taimaka. Su masu wurin sun san darajarsa, ba tikiti suka rasa ba, iko suka rasa.

Injiniya Bashir: Haka ne Hajiya, iko. Amma iko ba ya zama a hannun mai yunwa, wannan ita ce matsalar.

Malam Habu: Ku biyun fa kusan abu ɗaya kuke faɗa. Bari in kawo wurin da aka haɗa biyun. Kogon Waitomo a Niyu Zilan, wanda rufinsa ke cike da wasu tsutsotsi masu ba da haske shuɗi a cikin duhu, ana shiga da kwalekwale shiru ba hayaniya. Wani basaraken Mawori, wato 'yan asalin ƙasar, mai suna Tane Tinorau ne ya shiga ya bincika shi da wani Bature a 1887, shi da iyalinsa suka fara kai baƙi, sai gwamnati ta karɓe a 1906. Sai a 1989 aka mayar wa zuriyarsa, yanzu suna da kaso a kuɗin shiga, suna da baki a yadda ake tafiyar da wurin, da yawa daga ma'aikatan ma jikokinsa ne. Kuma akwai na'urori a ciki da ke auna iskar da mutane ke fitarwa da zafi da danshi, in abin ya haura iyaka a rage mutane ko a dakata. Kun ga an buɗe, an samu kuɗi, masu wuri na ciki, kuma akwai iyaka da ba a tsallakewa.

Sadik: Wannan na yarda da shi don kowa na iya zuwa. Amma dala 3000 fa Malam? Har yanzu ba wanda ya amsa min wannan.

Injiniya Bashir: Bari in gwada. Son Doong ba wurin da za ka sauka daga mota ka shiga ba ne, tafiyar kwana huɗu ce, a keta daji a tsallake ruwa a sauka da igiya a kwana a ciki, kuma ayarin baƙi 10 sai an haɗa su da mutum kusan 30, 'yan dako da masu dafa abinci da masu kula da lafiyarsu da ma'aikatan gandun daji, komai da aka shiga da shi sai an fito da shi har bayan gida. Su waye 'yan dakon? Mutanen ƙauyukan wurin ne, da yawansu da sana'arsu sare itace da farauta a cikin dajin. Shi kansa wanda ya fara ganin bakin kogon wajen 1990, Ho Khanh, neman itacen turare ya kai shi, sai a 2009 ya kai masu bincike daga Ingila. Yau wanda da zai sare dajin shi ne cin abincinsa ya dogara da dajin ya zauna. Kuma a gandun dajin Fong Nya, inda Son Doong ɗin yake, akwai wasu kogwanni da ake shiga da kuɗi kaɗan, ba a hana talaka ganin komai ba.

Ummi: Kuma Yaya Sadik ka san a 2014 an so a kafa keken nan mai tafiya a kan waya a sama har zuwa kogon don a riƙa kwasar dubban mutane, 'yan ƙasar ne da kansu, matasa, suka tashi da kamfe a intanet suka ce ba su yarda ba, har yau ba a yi shi ba. Ba Turawa ne suka hana su ba.

Sadik: Na ji ƙanwata. Amma ni har yanzu ina ganin in dai adadi ne matsalar to a rage adadi, ba sai an sa kuɗi ya zama shi ne mai tantancewa ba. Mutum 1000 ɗin nan me zai hana a ware ko 100 a yi ƙuri'a, ɗalibai da 'yan ƙasa su samu?

Malam Habu: Wannan shawara ce mai kyau kuma an taɓa yin irinta. Kogon Altamira na Sifen, shi ma mai zane ne, an rufe shi a 1977, aka sake buɗewa da ƙayyadadden adadi a 1982, aka kuma rufewa a 2002. Da aka dawo gwaji a 2014 mutum 5 ake bari a mako, minti 37 kacal, da rigar kariya da takunkumi, kuma da farko ƙuri'a ake yi a cikin waɗanda suka zo gidan tarihin a ranar, ba gwanjo ba. Sauran jama'a kuma akwai kwafin kogon da aka gina a gefe tun 2001. Don haka tsada ba dole ba ce, zaɓi ne na masu tafiyar da wuri, sai dai a Son Doong ɗawainiyar kanta mai tsada ce, wani ne zai biya wa ɗalibin.

Ummi: Ni fa wannan maganar kwafi ban gane mata ba. In yi doguwar tafiya in je in kalli siminti da fenti? Gani ya kori ji ake cewa, to wannan ai ba gani ba ne.

Hajiya Rabi: 'Yata da babu gara ba daɗi. Kogon Shobe da aka gano a Faransa a 1994, zanensa ya kai shekara 36,000, ba a taɓa buɗe wa jama'a shi ba ko rana ɗaya saboda sun ga abin da ya samu Lasko, kwafi suka gina aka buɗe a 2015. Ke kina so ki gani, jikokinki ma za su so, in aka bar mu muka shiga mu duka su me za su tarar?

Likita Zainab: Ku yi haƙuri na shigo a makare. Akwai waɗanda ba a ambata ba kuma su ne ainihin masu gidan, jemagu. Ɓarnar ta kowane gefe take tafiya. A 2006 aka fara ganin wata cuta a jihar Niyok ta Amurka, funfuna ce fara da ke kama hancin jemage da fukafukansa lokacin da yake dogon barcin hunturu, ta riƙa tashinsa har kitsen jikinsa ya ƙare ya mutu kafin sanyi ya wuce. Miliyoyi ta kashe, wasu nau'uka uku sun ragu da sama da kashi 90 cikin 100. Asalin funfunar daga Turai take, kuma ana kyautata zaton a jikin kaya ko takalmin mutane ta tsallaka teku. Shi ya sa a kogon Mamot na Kentaki, wanda ya fi kowane tsawo a duniya, sama da kilomita 670 aka auna, in ka fito sai ka taka wata tabarma mai magani. Jemagun nan kuma su ke cinye ƙwarin da ke ɓata amfanin gona, wasu su ke barbarar itatuwa da yaɗa iri, kashinsu shi ne abincin da yawa daga ƙananan halittun da ke cikin kogon.

Ɗaya gefen kuma mu ne ke kwasowa. Kogon Kitum a dutsen Elgon na Kenya, inda giwaye ke shiga da dare suna kankaro gishiri da haurensu, mutum biyu sun kamu da cutar Marbag, wata muguwar cuta 'yar uwar Ebola, bayan sun shiga, ɗaya a 1980 ɗaya a 1987, duk sun rasu. A 2008 wata 'yar yawon buɗe ido daga Holan ta rasu bayan ta shiga wani kogon jemagu a dajin Maramagambo na Yuganda. Ga kuma ciwon huhu da ake ɗauka daga ƙurar busasshen kashin jemage. Don haka don Allah duk kogon da kuka ga jemagu sun cika shi, ku tsaya daga waje.

Sadik: To Likita in haka ne ba sai a kashe jemagun a huta ba, a wuraren da ke da cutar?

Likita Zainab: An gwada Sadik, a wata mahaƙa da ake kira Kitaka a Yuganda bayan cutar ta ɓulla a 2007, aka kashe su da yawa aka toshe ramin. Bayan 'yan shekaru wasu suka dawo suka cika wurin, da aka auna sai aka ga masu ɗauke da ƙwayar cutar sun fi na da yawa. A Maramagambo kuwa ɗakin kallo mai gilashi aka gina, kana ganinsu ba ka shaƙar iskarsu, su ma ba a dame su ba. Wannan ya fi.

Baba Ɗanjuma: Allah ya yi muku albarka yara, na karanta duka. Ni abin da zan ƙara, tarbiyya. Duk dokar da za a kafa in mutum bai da kunya sai ya ɓata. Ko a Dutsen Nur inda kogon Hira yake, ku duba hotuna ku ga yadda aka rubuce duwatsu da fenti, kowa da sunansa da na garinsu, ga robobin ruwa a hanya. Wurin da mutum ya hau don girmamawa kenan, ina ga wanda ya je don shaƙatawa kawai. Sunanka a jikin dutse ba ya ƙara maka komai.

Malam Habu: Gaskiya ne Baba, Allah ya ƙara girma. Kuma akwai ɓarnar da ta fi ta masu fenti wadda ba a gani, don kogo ba daga bakinsa yake farawa ba, daga saman ƙasar da ke kansa yake farawa. Irin wannan ƙasa kamar rariya take, duk abin da aka zuba a sama sai ya zurara ƙasa ba tare da ya tace ba. Akwai wani kogo a garin Hos Keb na Kentaki da ake kira kogon ɓoyayyen kogi, da can har ruwan sha garin ke ɗiba a ciki ana kuma kai baƙi, sai aka riƙa zuba ƙazantar gari da dattin masana'antu a ramukan da ke sama, wari ya hana shiga aka rufe shi a 1943, kifayen nan marasa ido da ke ciki suka ɓace. Sai da aka gina sabuwar matatar ƙazanta a 1989 ruwan ya fara dawowa daidai, halittun suka dawo, aka sake buɗewa. Ka ga nan ko an sa ƙofar ƙarfe da kwaɗo goma ba abin da zai hana. Dole a kare dajin da ke sama da rafukan da ke shiga, in an sare itatuwa laka ce za ta cika shi.

Hajiya Rabi: Kuma wa zai kare dajin saman in ba wanda ke zaune a kai ba? Mun dawo maganata. A Ruwanda kuɗin ganin goggon biri dala 1500 ne, mutum 8 ake kai wa kowane garke a rana na awa ɗaya, kuma kashi 10 cikin 100 na kuɗin gandun daji ana mayarwa ƙauyukan da ke kewaye a yi makarantu da asibitoci da ruwa. Ban ce ya isa ba, ni a ganina ya yi kaɗan, amma aƙalla a rubuce yake ana iya bin sawu. Wurare da yawa kuɗin tikiti shiga yake aljihun da ba a sani ba, ba a gyara hanya ba, ba a biya masu gadi ba, ba a kwashe shara ba. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Ummi: To mu da muke son zuwa irin wuraren nan in Allah ya hore, me ya kamata mu kiyaye? Don ni duk da abin da Anti Likita ta faɗa ban fasa ba.

Injiniya Bashir: Kar ki fasa, amma ki fara da wanda aka tsara don baƙi, mai hanya da ɗan jagora. Wanda ba a tsara ba kuwa ba a shiga mutum ɗaya, ba a shiga ba hular kwano, tocila kuma ba ɗaya ba har da na ko-ta-kwana, hasken waya ba haske ba ne, sannan a bar wani a waje da ya san inda kuka shiga da lokacin da ya kamata ku fito. Babban abin tsoro ruwa ne. Yaran nan 12 'yan ƙwallo da kocinsu a kogon Tam Luwang na Tailan, ranar 23 ga Yunin 2018 suka shiga da ƙafarsu ƙasa a bushe, ruwan sama ya sauka a kan duwatsu ya cika hanyar bayansu, sai 2 ga Yuli aka gano inda suke, sai 10 ga wata aka gama fito da su, kuma wani mai ninƙaya Saman Kunan ya rasa ransa wajen kai musu tukwanen iska. Kana ciki ba ka san hadari ya haɗu a waje ba. In damina ce a haƙura kawai.

Likita Zainab: Ki kuma wanke takalmi da kayan da kika shiga da su sosai kafin ki kai su wani kogon, in kin dawo kika ji zazzaɓi ko tari cikin makonni uku ki gaya wa likita kin shiga kogo, kar ki ɓoye, yana canza irin gwajin da za a miki.

Sadik: Na gode muku. Maganar adadi na karɓa, ta kuɗi ce har yanzu ban gamsu ba, ina nan kan cewa a ware wa 'yan ƙasa da ɗalibai gurbi ko da kaɗan ne, ko a ɗora kuɗinsu a kan tikitin baƙin waje. Hajiya in kina da ƙarin bayani kan yadda aka mayar wa Mawori nasu ki turo mana, ina so in ga ko kason da suke samu a rubuce yake kamar na Ruwanda.

Hajiya Rabi: Zan duba in sha Allah. Amma ka fara karanta na Batwa tukuna, don a 2021 kotun tsarin mulkin Yuganda ta yanke cewa an zalunce su wajen korar kuma sun cancanci a share musu hawaye, shi ne nake so mu tattauna a gaba.